Hannun Inna a Cikin Yumɓu

Duk layin maƙera babu mai kiransa da sunan yanka. Kawo Hannu ake ce masa, a ƙara da Malam don girmamawa, shi kuma ya amsa ba tare da ya ɗago kai ba. Sunan ya samo asali ne daga abin da yake fara faɗa wa duk wanda ya zo neman wuƙa. Tun kafin a yi maganar tsawo ko kaifi, sai ya tsoma hannu cikin wani tsohon bokiti da ke gefen wuta, ya ɗebo yumɓu mai laushi, ya mulmula shi ya yi tsawo, ya ce, "Kawo hannu." Mutum zai damƙe yumɓun yadda yake riƙe wuƙa a bakin aiki, sannan ya saki. Abin da yatsu suka bari a jiki, shi Malam zai bi ya sassaƙa ƙota, wato wurin riƙon wuƙar.

Daga yumɓun nan yake gane bahago, ya gane mahaucin da ke danna babban yatsa a bayan wuƙa, ya gane mai kifin da ƙaramin yatsansa ya taɓa karyewa bai koma daidai ba. In ya gama aiki sai ya farfasa yumɓun ya mayar cikin bokiti, ya zuba ruwa. Hannayen rabin mutanen kasuwa sun bi ta cikin bokitin nan sun narke.

Rumfarsa ƙarama ce, rufin kwano, bango ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Iskar wutarsa daga wilin keke take fitowa, yana juya shi da hagu yana riƙe da awartaki da dama, don tun da ɗansa ya zaɓi tuƙin mota bai ƙara yarda wani ya taɓa masa wuta ba. Ƙarfensa sifirin tsohuwar mota ne, amma ba kowanne ba. Sai ya rataye shi da igiya ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Wanda ya daɗe yana amo, shi ne lafiyayye. Wanda ya yi ƙara ya ɗauke nan take, akwai tsaga a cikinsa ko da ido bai gani ba, kuma ko kyauta aka ba shi ba ya so. Gawayi kuwa in ba na ƙirya ba ne, gara ya rufe rumfa ya tafi gida. In ya gama dukan ƙarfe ya fitar da siffa, sai ya mayar da shi wuta ya yi jawur, ya tsoma a baƙin mai, sannan ya riƙa gasa bayan wuƙar a hankali har bakin ya ɗauki launin ɓawon albasa. A nan yake tsayawa. Ya ce in ta wuce nan ta yi laushi, in ba ta kai ba za ta ɓalle ranar da ta haɗu da ƙashi.

Amma duk wannan a wurinsa rabin aiki ne. Ƙota ita ce abin alfaharinsa. Yana da ƙahon sa wanda yake dafawa ya danne da dutse har ya miƙe. Yana da tagulla ta yin ƙusoshi. Yana kuma da itace, zuciyar kanya, baƙa wuluk, wadda yake toshe bakinta biyu da kakin zuma ya cusa a ƙarƙashin rufi, ya manta da ita shekara da shekaru. In ka ce masa ai ta bushe, sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa.

"Ta bushe a waje," zai ce. "Cikin fa, ka shiga ka gani?"

Mutum ne mai wuyar sha'ani, wannan kam ko masoyinsa ba zai musa ba. Amma wanda ya taɓa riƙe wuƙarsa ba ya ƙara jin daɗin wata.

To, sai dai a gidan Malam Kawo Hannu babu wuƙar kirki ko ɗaya.

Matarsa, wadda kowa ke kira Inna har shi kansa, ita dai abin da ta sani shi ne duk wuƙar da ta karkace a cikin mai, ko ƙotarta ta tsage wajen buga ƙusa, Malam ba zai sayar ba, ba zai kuma jefar ba, sai ya kawo gida ya ajiye mata a bakin madafa. Marayuna take ce musu. Da su ta yanka albasa da nama da kabewa har ta aurar da 'ya'yanta, ba ta taɓa cewa uffan ba, ban da tsokanar da take yi masa lokaci-lokaci.

Tsokanar tana da tushe. Suna sabon aure, wata rana ta kai masa abinci rumfa, ta tarar yana auna hannun wani baduku. Da mutumin ya tafi sai ta ce, "Malam, kowa ka ce ya kawo hannu. Ni nawa ba hannu ba ne?"

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, ya mulmula yumɓu ya miƙa mata. Ta damƙe shi da ƙarfin ƙuruciya har ya ɓulɓulo ta tsakanin yatsunta. Siririn hannu ne, mai dogayen yatsu, yana rufewa ruf. Wannan yumɓun bai koma bokiti ba. Malam ya shanya shi, ya gasa shi a gefen wuta har ya yi tauri, ya ajiye a wani ɗan rami a jikin bango. Ya ce zai yi mata wuƙar da babu irinta a garin.

Kuma har ga Allah da gaske yake. Itacen farko da ya ware mata ya tsage yana bushewa. Na biyu da ya sauke ya ga baƙinsa bai kai yadda yake so ba. Da ya sami ƙarfen da ya yi masa, sai wuƙar wani mahauci ta karye ana tsakiyar aiki, ya ce to wannan ya fi gaggawa. Daga baya ya sami wani guntun kanya wanda ya ce shi ne, ya shafe shi da kaki ya cusa can ƙurya, ya ce a bar shi ya nuna. Haka aka yi ta tafiya. In Inna ta ce, "Malam, ina labarin wuƙata?" sai ya ce, "Itacen bai yi ba tukuna." Ita kuma ta ce, "Allah ya sa ya riga ni." Su yi dariya. Har aka zo aka daina tambayar, aka daina dariyar. Shi a ganinsa girmama ta yake yi, tun da ba ya son ya ba ta abin da bai kai ba. Ni dai in an tambaye ni, wannan ma wata irin rowa ce, ko da mai yin ta bai sani ba.

Tsufa ya zo musu tare. Ɗansu direba ya yi aure, ya zauna da matarsa a ɗakin ƙofar gida, amma madafa tana hannun Inna, kuma ba ta da niyyar sakin ta. Nan ne mulkinta. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, faranti a cinya, daga nan take jin duk abin da ke faruwa a gidan, ta yi faɗa, ta yi sulhu, ta ɗanɗana miya ta ce gishiri bai ji ba. Surukarta yarinya ce mai ladabi, tana wanke-wanke tana hura wuta, yanka kuwa na Inna ne.

Wata rana Malam ya leƙa madafa neman ashana, sai idonsa ya faɗa kan marayun. Duk an naɗe ƙotocinsu da tsumma, an bi da robar cikin tayar keke, sun yi kauri sun yi muni. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Wannan wane irin wulaƙanci ne? Matar maƙeri da wuƙa kamar ta mai faci? In wani ya shigo ya gani fa, ya ce aikina ne?"

"Haka suka fi mini daɗi, Malam," in ji Inna.

"Daɗi! Ƙahon da na kwana biyu ina gogewa kika rufe da roba."

Ya ɗauki ashanarsa ya fita yana ƙunƙuni. Bai tambayi dalili ba, ita ma ba ta bi shi da bayani ba.

Ba a daɗe ba abin ya faru. Tana yanka kabewa da hantsi, wuƙa ta kuɓuce ta shige tsakanin babban yatsanta da manuni na hagu. Jini ya ɓata faranti, ya ɓata zani. Da aka dawo daga wurin ɗinki, ɗan ya tsaya a tsakar gida ya yanke hukunci, cikin ladabi amma ba da wasa ba.

"Inna, don Allah ki huta haka nan. Ga yarinya nan, me ya kawo ta? Yau yatsa ne, gobe ba mu san mene ne ba."

Inna ba ta yi gardama ba, abin da ya fi ba kowa tsoro ke nan. Aka ɗauke 'yar kujerar daga bakin madafa aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa. Tana nan zaune tana jin ƙarar faranti, tana jin ana yanka albasa ba yadda take yankawa ba. In an kawo abinci ta ci loma biyu ta ture. Cikin ɗan lokaci ta zabge, fuskarta ta faɗa. Da Malam ya ce mata ta daure ta ci, sai ta ce, "Wanda bai yi aikin komai ba, yunwar me zai ji?"

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya je ya ɗauko wuƙar da ta yanke ta, ya jujjuya ta, ya ga bakin a karkace, ga uban roba. Nan take ya gano mai laifi, a ganinsa. Wuƙar banza ce ta jawo, kuma shi ya kawo ta gidan. Ya sami ɗansa yana wanke mota.

"Kai, ba tsufa ne ya yanke uwarka ba, wuƙa ce. Zan yi mata tata. In ta riƙe ta, za ka mayar mata da kujerarta."

"Baba, in dai za ta iya ba tare da ta ji ciwo ba, ni mene ne nawa? Ni ma ba na jin daɗin ganinta haka."

Washegari Malam ya taka benci ya zaro guntun kanyar nan daga ƙarƙashin rufi. Ƙura ta yi masa riga. Ya kankare kakin, ya ƙwanƙwasa shi da bayan masaba, itacen ya amsa da ƙara mai tsabta. Ya ɗauko sifirin da ya daɗe yana ɓoyo. Duk wanda ya zo da aiki ya ce masa ya dawo wani lokaci. Sannan ya sa hannu a ramin bango ya fito da yumɓun Inna, ya hure shi, ya ajiye a gabansa.

Maƙwabcinsa mai faci, wanda rumfarsa ke manne da tasa, abokin tsokanarsa ne na shekaru. Ya leƙo yana goge hannu da tsumma.

"A'a, yau kuma gunkin ne aka fito da shi? Wa ya mutu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Wuƙar Inna zan yi."

Mai faci ya dubi yumɓun, ya dubi Malam, dariyar ta ɗan ragu a fuskarsa. Shi ne yake yanka wa surukar robar da take kai wa Inna, kuma ya taɓa tambayar ta ta mece ce, ta gaya masa.

"Malam, ba za ka ce ta sake kawo hannu ba?"

"Hannun da na sani tun kana yawo ba wando? Ga shi nan a gabana. So nake sai dai ta gan ta kawai."

Mai faci ya buɗe baki zai yi magana, sai wani ya turo babur yana kiransa. Ya juya ya tafi. Daga baya ya sha cewa da ya sani da ya bar mai babur ɗin ya jira.

Malam bai taɓa yin aiki irin wannan ba. Ruwan wuƙar bai fi tafin hannu da ɗan ƙari ba, siriri, mara nauyi, bakinsa ya ɗauki launin ɓawon albasa tun daga gindi har tsini ba tare da tabo ba. Ya sa wuyan farin ƙaho, ya biyo da baƙar kanya, ya buga ƙusoshin tagulla ya goge su har suka yi daidai da itacen, in ka shafa ba za ka ji inda suke ba. Yana sassaƙa yana gwadawa da yumɓun, yana bin kowane gurbin yatsa, ƙotar ta fito 'yar siririya mai ƙugu, daidai hannun da ke rufewa ruf. Ya shafe ta da mai har ta riƙa ƙyalli. Maƙeran layin suka zo gani, masu hassada ma suka ce ma sha Allah. Wani mai otal ya ce a faɗi abin da ake so ya biya, Malam ko kallonsa bai yi ba.

Da safe ya kai mata, bayan an share tsakar gida. Ya sa surukar ta kawo 'yar kujerar da faranti da albasa. Ɗan yana tsaye da makullin mota a hannu. Malam ya warware ƙyallen ya ɗora wuƙar a cinyar Inna.

Ta daɗe tana kallon ta. Ta shafa ƙahon da bayan yatsa, ta shafa tagullar.

"Ashe dai itacen ya nuna," ta ce. Idonta ya kawo ruwa, tana murmushi. "Kai, Malam. Wannan ai ta fi ƙarfin albasa."

"Riƙe mu gani."

Ta ɗauka. Yatsunta suka taho za su rufe, suka tsaya a rabin hanya. Ƙotar tana yawo a cikin tafinta. Ta ɗora bakin a kan albasa ta danna, wuƙar ta juya ta sulale, ta faɗi a kan siminti. Ƙarar ta cika gidan.

"Hannuna da maiƙo," in ji Inna da sauri. Ta goge a zani ta sake ɗauka. Ta sake faɗuwa.

Ɗan ya sunkuyar da kai. Surukar ta shige madafa kamar an kira ta. Malam ya durƙusa a gaban matarsa, gwiwoyinsa suna ƙara, ya faɗi abin da ya faɗa wa dubban mutane, da wata murya da ba tasa ba.

"Kawo hannu."

Ta miƙa. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura sun yi ƙulli-ƙulli, manuni da na tsakiya sun karkace waje guda, babban yatsan ya ƙage. Ya gwada lanƙwasa su a hankali, ta ja numfashi ta cije leɓe. Mutumin da ke gane tsohuwar karaya a jikin yumɓun baƙo, yau ya ga hannun da ke gidansa. Nan take ya gane tsumman, ya gane robar, ya tuna faɗan da ya yi. Kunya ta kama shi, irin wadda ba ta barin mutum ya haɗa ido da kowa.

"Tun yaushe?"

"Ai ya daɗe, Malam."

"Me ya hana ki faɗa mini?"

"Kullum da shi nake miƙo maka kwano."

Ba da faɗa ta faɗe ta ba, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ya tashi ya tafi rumfa, ya dawo da sabon yumɓu a cikin leda. Ya mulmula shi da kauri ya sa mata a tafi, ya ce ta damƙe iya ƙarfinta. Ta damƙe. Da ta saki, sai da ya kai shi cikin rana ya karkata kafin ya ga ɗan alamar yatsu a jiki. Ƙotar da wannan hannu ke buƙata ta kusa kaurin taɓarya, kuma tana son laushi. Ba shi da busasshiyar kanya mai wannan kauri. In ya sari sabuwa yau, ya san shekarun da za ta ɗauka, ya kuma dubi matarsa a kan tabarma ya san ba su da su.

Da rana tsaka mai faci ya ga Malam tsaye a bakin rumfarsa, wuƙar a hannu.

"Ba ni roba."

Duk tsokanar da ke bakin mai faci, ranar bai yi ko ɗaya ba. Ya zaɓo mai laushi, ya yanka ta siri-siri da almakashi, ya miƙa masa.

Malam ya zauna a kan bencinsa ya fara naɗi. Farin ƙahon ya fara ɓacewa, sai tagullar, sai kanyar da ta shekara da shekaru tana jira a ƙarƙashin rufi. Ya sa tsumma a tsakani, ya ƙara roba. Ya tafi gida ya gwada a hannunta, ya dawo ya ƙara ta wajen babban yatsa. Ya sake komawa, ya rage ta ƙasa. Sawu ya yi ta yi tsakanin gida da rumfa har la'asar, kuma a yinin nan ya riƙe hannun Inna fiye da yadda ya riƙe shi a shekarun da suka wuce gaba ɗaya. Da ya gama, wuƙar ta fi duk marayun muni.

Inna ta riƙe ta, ta zauna daram. Ta yanka albasar, a hankali, yankan bai yi sirantar da ba, amma ta yanka har ƙarshe. Ɗan ya ce to, albasa da ganye, a zaune, ban da kabewa ban da nama. Aka mayar da 'yar kujerar bakin madafa. A daren farko ma aka ji ta tana cewa gishiri bai ji ba.

Damina ɗaya ta yi da wuƙarta. Da sanyi ya shigo hannun ya ƙi gaba ɗaya, ko cokali sai an riƙa mata. Ta koma tabarma, daga tabarma ta koma ɗaki, ba ta ga wata daminar ba.

Malam yana nan yana fita rumfa, sai dai wutar ba kullum take tashi ba. Ramin bangon yanzu yumɓu biyu ne a ciki, ɗaya mai zurfin gurabe, ɗaya kusan sumul, kuma ba ya son a tambaye shi labarinsu.

Wuƙar tana madafa, surukar ce ke aiki da ita, da ƙyar, don ƙotar ta yi wa hannunta yawa. Wata safiya tana wanke ta sai bakin robar ya ɗan warware, baƙar kanya ta leƙo da kan ƙusar tagulla, suna ƙyalli kamar jiya aka goge su. Ta sami Malam zai fita, ta rusuna.

"Baba, robar nan ta fara sakewa. In cire ta gaba ɗaya? Wallahi abin da ke ciki ya yi kyau, bai kamata a ɓoye shi ba."

Ya karɓa ya duba. Ya ja bakin robar ya mayar da shi inda yake, ya cusa shi da farce, ya danne sosai.

"Bar ta, 'yata," ya ce. "Na cikin ba na Inna ba ne. Robar ce na auna da hannunta."